Alkasum Gwanin Golfi da Iskar Tudun Gawo

A shekara ta biyu ta babban fari, lokacin da shanun Damagaram suka koma ƙashi da fata, ungulu kaɗai ke ƙiba, an yi wani mutum a Tudun Gawo, wani ƙauye a ƙasar Hamdara, ana ce masa Alkasum. Kowa a garin ya rame, komai ya ragu, in ban da bakin Alkasum.

Ya taɓa zuwa cirani Abija, can bakin teku. Wata bakwai ya yi, ya dawo da tabarau mai tsagaggen ido ɗaya da labarin da shekara tara bai ƙare ba. Gaskiyar magana, gadi ya yi a ƙofar wani fili da nasaru ke buga wasan da ake ce wa golfi. Aikinsa ya ɗaga ƙarfe in mota ta zo, ya sauke in ta wuce. Abin da ya gani na wasan, ta ɓular shinge ya gani. Amma in ka ji shi a gindin gawo bayan la'asar, sai ka rantse shi ya ƙago wasan.

"Ni na koya wa wani kwamanda riƙon sanda," in ji shi. "Har kuka ya yi ranar da zan taho."

Illa maƙeri, maƙwabcinsa, ya ce, "Bara ka ce likita ne."

"Likita ne kuma kwamanda. Can ana haɗa biyu."

"Kukan fa, na baƙin ciki ne ko na godiya ga Allah?"

Alkasum bai ji wannan ba. Kunnensa na da zaɓe.

To, a shekarar rijiyar garin ta ƙafe ƙaf. Mata kan fita da asuba zuwa Ɗan Kalgo, ƙauyen da ke gabas da su, su bi layi a rijiyar da ita ma tana kan hanyar mutuwa, su dawo rana tsaka da tulu ɗai-ɗai, bayan sun sha baƙar magana iya cikinsu. Sai labari ya zo cewa wani puroje, wato shirin taimakon karkara, zai gina rijiyar siminti guda ɗaya a yankin. Ko Tudun Gawo, ko Ɗan Kalgo. Maigari, wani dattijo mai haƙuri da ake kira Mai Nasara, ya rasa barci ya rasa dabara.

Ana cikin haka aka aiki Alkasum Damagaram ya ji labarin jar dawar taimako. Dawa dai bai samo ba. Amma a ƙofar biro, wato ofishin puroje, ya ga wata farar mota, a bayanta an kwantar da wata doguwar jakar tamfol, bakin ƙarafa na leƙowa daga ciki. Ya tambayi mai gadi ta wace ce. Mai gadi ya ce ta shugaban puroje ce, Laraba ta sama ma zai je ƙasar Hamdara duba wurin rijiya. Alkasum bai tsaya jin sauran ba. Ya kamo hanya har takalminsa ɗaya ya tsinke.

"Ranka ya daɗe, rijiya ta zama tamu!" ya faɗa wa maigari a gaban jama'a, yana haki.

"Ina dawa?"

"Bar zancen dawa. Na ga jakar nasaran da idona. Sandunan golfi ne. Mutumin nan yana yawo da su ƙasa-ƙasa, ya rasa inda zai buga, zuciyarsa na ƙuna. Mutanen Ɗan Kalgo za su tarye shi da kaza da kirari. Mu kuwa za mu tarye shi da fili. In ya buga rami tara, wallahi ba rijiya ba, ko kogi muka ce zai jawo mana."

"Ka ga nasaran?" in ji Illa.

"Na ga jakarsa. Wanda ya zauna Abija, jaka ta ishe shi."

Maigari ya dubi sama, ba gajimare. Ya dubi mata suna shigowa da tuluna, ƙafafunsu duk faso. Ya ce, "To, Alkasum. Kwana tara ke gare ka. Allah ya sa kada mu yi kuka."

Fili kam bai yi wuya ba, fari ya riga ya share shi. Gabas da gari akwai wani faƙo shimfiɗe har iyakar gani, ba itace ba tudu, shekara biyu ko ƙaya ba ta tsiro a kansa ba. Alkasum ya haƙa ramuka tara, ya binne gwangwanin tumatir a kowanne. Ya samo ƙodagon goruba wanda aka gaigaye tas, ya shafa masa farar ƙasa, ya ce ƙwallo ke nan. Ya sa Illa ya lanƙwasa tsohon ruwan fartanya ya ɗaura a doguwar ƙota, ya ce sanda ke nan.

Illa ya miƙa masa yana cewa, "Ƙotar nan ta bushe. Sai ta kwana a ruwa kafin ta riƙe ƙarfe."

"Ruwan da za a sha ne za a ba itace? Kawo nan."

"Wai ramin nan me za a shuka a ciki?"

"Ba shuka ba ce, jahilci. Ƙwallo za ta faɗa."

"Sai kuma?"

"Sai a ciro ta."

"Sai kuma?"

"A sake bugawa zuwa rami na gaba."

Illa ya sosa gemu. "To, a riƙe ta a hannu mana tun farko. Lallai nasara ya ƙoshi."

Saura tutoci. Barira, matar Alkasum, na da zane biyu a duniya, na zaman gida da na fita unguwa. Da ta dawo daga ɗibar ruwa sai ta hango na fita unguwar ya rabu tara, kowane yanki na kaɗawa a kan kara. Ta sauke tulu a hankali, don ruwa ba abin wasa ba ne, sannan ta juyo.

"Malam, wancan ba zanena ba ne?"

"Naki ne. Yau ya shiga tarihi."

"In aka yi rasuwa, tarihin zan ɗaura in je gaisuwa?"

"In rijiya ta zo, nasara da kansa zai aiko miki da atamfa."

"Allah ya sa ya haɗo da sabon miji," in ji Barira, ta shige ɗaki.

Abu ɗaya ne Alkasum bai yi shawara da shi ba: iska. Lokacin bazara ne, irin ta shekarun nan, da hadari kan haɗu baƙi ƙirin a gabas, mutane su fito da ƙorai da kwanoni, sai iska ta zo ta watsar da shi ta bar su da baki buɗe. A kan faƙon nan kuwa ba abin da ke tare ta. Tana zuwa daga inda ta ga dama, ta tsaya sa'ad da ta ga dama.

Ran da ya tara gari don ya koya musu, tutoci uku sun riga sun kama hanyar Mirya. Maigari ya zo a kan jakinsa, ya ce, "Alkasum, a wannan iskar za a yi wasa?"

Alkasum ya yi dariya irin ta manya. "Ranka ya daɗe, iska ita ke raba gwani da ɗan koyo. A Abija iskar teku muke bugawa a ciki, wadda ke kayar da jirgi. Wannan ai fifita ce. Dabara ce kawai. Da farko sai ka san inda ta nufa. Sai ka tsinki ciyawa ka watsa sama."

Ya sunkuya zai tsinki ciyawa. Jama'a suka jira. Ya matsa gaba ya sake sunkuyawa. Ya zagaya rami na ɗaya duka.

"In ka samu ka raba da mu," in ji Illa. "Akuyata ta kwana uku tana cin tsumma."

Alkasum ya koma gida a fusace ya zaro dami guda daga jinkar ɗakinsa. Kafin ya iso fili awakin gari duka sun bi shi a guje, idanunsu jawur. Ya ɗaga damin sama, suka hau shi. Da aka janye shi daga ƙarƙashinsu, ba ciyawa, ba aljihun riga, hularsa kuma iska ta yi yamma da ita.

Ya miƙe ya kakkaɓe jiki ya nuna hular. "Kun gani? Yamma ta nufa. Abin da nake son ku gane ke nan."

Sai ya juya ya fuskanci iskar. "To, in tana gabanka, kada ka ɗaga ƙwallo sama, za ta dawo maka da ita. Ƙasa-ƙasa za ka buga, ta bi ta ƙarƙashin iska kamar kurciya. Ku duba."

Bugu na farko ya tono ƙasa. Na biyu ya sari iska. Na uku kuwa ya samu, kuma don Allah ƙasa-ƙasa ta tafi, ba ƙarya. Ƙodagon ya fita kamar harsashi ya sami jakin maigari a cinya. Jakin nan da ya yi wata biyu ba ya iya ɗaga kunne don yunwa, ya yi wani irin kuka ya zabura. Maigari ya rungume wuyansa yana salati, rawani na warwarewa a baya. Ba su tsaya ba sai cikin shingen ƙayar Illa.

Mutum huɗu suka cire maigari. Ana cire masa ƙaya ɗaya-ɗaya, Alkasum na tsaye a kansa yana bayani.

"Ranka ya daɗe, bugun ya yi daidai. Jakin ne ya tsaya a inda doka ta hana."

"Shekara goma sha ɗaya yana tsayawa a nan," in ji maigari cikin nishi.

"To, a Abija da an ci shi tara."

Wani sai ya ce a nan za a tsaya. Amma maigari ya riga ya aika wa hakimi cewa Tudun Gawo na shirya wa baƙo abin mamaki, mutanen Ɗan Kalgo ma sun ji, har sun fara yi wa matan garin waƙa a bakin rijiya. Janyewa ta fi ƙaya ciwo.

Kwana biyu kafin Laraba, Alkasum ya kai darasi na gaba. Wannan karon 'yan kallo suka tsaya nesa, wasu a bayan rumbu, tunda rumbunan ba su da wani amfani a shekarar.

"In iska na zuwa daga gefe," ya ɗaga murya don su ji, "wawa ne ke auna rami. Gwani sai ya auna gefe, can wajen da take fitowa, ita da kanta za ta kawo masa ƙwallo har bakin rami. Aiki za ta yi maka, ba lada."

Rami na arewa, iska na zuwa daga gabas da ƙarfi. Ya juya ya auna gabas sosai, wajen hanyar Ɗan Kalgo. Ya ja sanda baya. Daidai lokacin da ƙarfe ya taɓa ƙodago, iskar ta ɗauke ɗif, kamar an rufe ƙofa. Ƙwallo ta tashi sama, kyakkyawan bugu, mafi kyau da ya taɓa yi a rayuwarsa, ta miƙe sak inda ya auna. A kan hanyar kuwa mata ne jere suna dawowa da ruwa.

Ƙwas!

Cikin mata goma sha bakwai, ƙodagon bai zaɓi kowa ba sai Barira. Tulun ya rabe biyu a kanta. Ruwan da ta bi layi tun asuba ta samu ya zubo mata daga ka har ƙafa, ƙasa ta shanye shi kafin a ƙifta ido. Ta tsaya da gammo a ka, ba ta motsa ba. Ba wanda ya yi dariya, don kowa ya san nisan Ɗan Kalgo.

Ta tako har gabansa, tana ɗiga.

"Barira, iskar ce ta saɓa alkawari."

"Da kai da ita kuka yi alkawarin?"

"Da ta ci gaba da busawa, da yanzu ƙwallon na cikin rami."

"Da ta ci gaba da busawa ta ɗauke ka, da na yi sadaka."

Da azahar ya leƙa randa, wayam. Ya ce, "Ina ruwan alwala?"

"Ga filinka can," in ji Barira. "Ƙasa ce mai tsarki, rami tara. Je ka yi taimama."

Laraba ta zo. Maigari ya yanka ragonsa na ƙarshe, wanda yake ta lallaɓawa da ƙwayar gawo don layya. Alkasum ya hana a gasa shi sosai, ya ce nasara ba ya cin nama sai da jini-jini. Ya aro babbar rigar maigari ta zuwa gaban hakimi, ya sa tabarau, ya jera mutane layi biyu ya koya musu gaisuwar Faransanci. Mutanen Ɗan Kalgo ma suka zo, maza da mata, suka zauna a gefe. Suka ce kallo kawai suka zo, ba su da wata manufa.

Wajen hantsi farar mota ta iso. Alkasum ya ɗaga hannu, gari duka ya amsa da murya ɗaya: "Bonjur mushe! Golfi sa ba!"

Ƙofa ta buɗe. Wani baƙin mutum siriri ya sauko, sanye da kaki, da tsagen gado a kumatu. Ya dubi jama'a, ya dubi tutoci, ya ce, "Salamu alaikum. Ina kwananku? Ina gajiya? Yaya muka ji da wannan rana?"

Alkasum ya ture shi gefe ya leƙa cikin mota. Direba kaɗai. Ya leƙa baya. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi.

"Kai, ina patoro?"

"Wane patoro?"

"Nasara. Mai puroje."

"Ni ne mai puroje. Sunana Yusufu, injiniyan rijiyoyi. Ɗan Garagumsa ne ni."

Daga ɓangaren Ɗan Kalgo wata tsohuwa ta ce, "Ayyo, rana ce ta ƙona nasaran a hanya."

Alkasum ya miƙe daga ƙarƙashin motar. Ya matso kusa da maigari ya raɗa masa, "Ba komai, ranka ya daɗe. Irinsu sun fi nasara son wasan. Jira ya buɗe jaka."

Mushe Yusufu, wato Malam Yusufu da Faransanci, ya buɗe jaka. Ya zaro wani abu mai ƙafa uku, ya ware shi, ya ɗora masa madubi a ka irin na hangen nesa. Sai doguwar sanda mai zanen ja da fari da lambobi.

"Wannan na'urar awon ƙasa ce," ya bayyana wa maigari. "Da ita zan san inda za a haƙa."

Maigari ya juya a hankali ya dubi Alkasum. Gari duka ya juya.

"Sabon samfuri ne," in ji Alkasum. "Bayan na taho aka fito da shi."

Illa ya ce, "Lallai. Ƙafa uku, don in ɗaya ta saɓa alkawari."

Mushe Yusufu bai gane me ake ciki ba, kuma mutum ne mai aiki a gabansa. Ya saɓi na'urarsa ya nufi tsakiyar faƙo, yana tafiya yana duban takarda. Iska ta riga ta ɗauke tutar rami na huɗu. Ƙafarsa ta dama ta faɗa ciki har idon sawu. Ya yi zaman dirshan, da ƙyar ya ceci na'urar. Da ya zaro ƙafar, gwangwanin tumatir na maƙale a takalminsa.

"Wane ɗan... wa ya haƙa wannan?"

Hannu sama da ɗari suka nuna wuri ɗaya. Har da na Ɗan Kalgo, da ba a tambaye su ba.

Aka yi masa bayani. Maigari ne ya yi, kansa a ƙasa, ya fara tun daga jaka har zuwa rago. Mushe Yusufu ya saurara yana murza ƙafa. Da aka kai ƙarshe sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya toshe baki da takarda. Ya ce, "Baba, ni ko langa ban iya ba, balle golfi." Ya ɗingisa ya kafa na'urarsa, ya sa ido a madubi, ya aiki direba can nesa da sandar awo. Aka kawo masa nama, ya duba, ya tambaya ko wuta ce ta ƙare a garin.

Da Alkasum ya yi shiru a nan, da ya tsira da dariya kawai. Amma matan Ɗan Kalgo sun fara tafi suna jera sabuwar waƙa, sunansa a baiti na farko. Wuyansa ya kumbura. Ya ɗauki sanda ya fito tsakiyar fili.

"Mushe! Ko ba ka iya ba, yau za ka ga yadda ake yi. Jama'a, ku shaida. Bugu ɗaya, rami na tara."

"Malam, ajiye abin nan," in ji Barira.

"Alkasum, don girman Allah," in ji maigari. Jakinsa kuwa bai jira ba, ya tsinke igiya ya nufi gari.

"Kada ku ji tsoro. Na'ura na bayana, rami na gabana, iska na bayana. Wannan shi ake kira sa'ar gwani. In iska na bayanka, sai ka ɗaga ƙwallo sama ka sake mata ƙarfinka duka, ita ta ƙarasa."

Ya dasa ƙodago a kan ɗan tulin ƙasa. Ya gyara tabarau. Ya karkaɗa ƙugu yadda ya gani ta ɓular shinge. Ya ja sanda baya har ya kusa ganin ƙeyarsa.

Iskar da ke bayansa ta yi abin da ya ce, ta taimaka. Ta shiga ƙarƙashin babbar rigar maigari ta cika ta kamar tanti, ta ɗaga ta ta kifa masa a ka. Alkasum ya kai bugu a makance, ya juya sau ɗaya da rabi a kan dunduniya. Busasshiyar ƙota ta saki ƙarfenta. Ruwan fartanyar ya tashi yana juyi yana kuka, ya wuce saman kan liman, ya wuce ta gefen kunnen Mushe Yusufu, wanda Allah ya sa ya sunkuya rubutu.

Tas!

Madubin na'ura ya watse. Ƙafafun uku suka yi tangal-tangal, suka haɗe, suka kwanta.

Alkasum ya yi ta kokawa da riga har ya fito da kai. Ya kare ido da hannu yana hangen rami na tara.

"Ta shiga? Na ji ƙara. Ta shiga ko?"

Illa ya nuna masa ƙasa. Ƙodagon na nan zaune a kan tulinsa, ko ƙura bai girgiza ba.

Mushe Yusufu ya tsuguna yana tsince gilashi. Dariyarsa ta tafi. Ya ce, "Wannan ita kaɗai ce a Damagaram duka. Sai an kai ta Yamai." Ya miƙe ya dubi maigari. "Baba, tun watan jiya aka sa hannu a takarda. Rijiyar a nan za a yi ta, a gefen wannan faƙon, don garuruwan biyu su sha. Turke kawai na zo kafawa. Yanzu ma'aikatana ba za su zauna jiran gyara ba, Gidimuni za su wuce. Sai bayan wata uku, in Allah ya yarda."

Waƙar Ɗan Kalgo ta mutu a tsakiyar baiti, don su ma abin ya shafe su. Wata uku. Matan garuruwan biyu, da suka shekara ba sa ga maciji da juna, suka miƙe tare. Kowace dai ta sunkuya ta cire takalmi.

Alkasum ya fara ja da baya. "Ku tsaya a yi bincike. Ƙotar Illa ce..."

Ya juya zai gudu, rigar ta harɗe shi, ƙafarsa ta sami rami na biyu. A nan suka cim masa. Barira ce ta fara isa, aka kuma ba ta girmanta, aka bar ta ta buɗe taro.

Da ƙura ta lafa, maigari ya durƙusa gaban Mushe Yusufu, dattijo da furfurarsa. Injiniyan ya yi sauri ya ɗaga shi. Ya dubi matan, da tulunan da ke jere babu komai. Sannan ya ce, "Wurin dai na san shi kusan-kusan, ko ba na'ura. Siminti da ƙarfe zan iya aiko muku. Abin da ba ni da shi masu haƙa ne. In kuna da wanda zai shiga rami..."

"Muna da shi," in ji maigari. "Gwani ne. Tara ya haƙa cikin kwana biyu, ba wanda ya roƙe shi."

Washegari aka fara. Mazan garuruwan biyu na jan ƙasa a sama, ana karɓa-karɓa, amma na ƙasa ba ya canzawa. Kowace safiya sai a ɗaura wa Alkasum igiya a ƙugu a zura shi, Illa ke riƙe da ita. Zurfi ya kai gaba biyar, gaba tara, gaba goma sha uku. Hannuwansa suka yi kanta, bayansa ya lanƙwashe. Bakin dai na nan. Har ma ya fi ƙara, don rami na amsa masa. Kullum sai an ji muryarsa na tasowa, wai a nan ƙasa ba iska ko kaɗan, da a irin wannan wurin aka ba shi dama da an ga aiki.

Rana ta talatin da ɗaya, wajen walaha, aka ji ihu daga ƙasa.

"Ruwa! Ruwa ya ɓullo! Har gwiwa!"

Guɗa ta tashi. Kafin a ce me, mata sun fito daga kowace kusurwa, na Ɗan Kalgo na tahowa a guje. Maigari ya zauna a ƙasa yana share hawaye da gefen rawani.

"Kun gani?" muryar ta ci gaba. "Dabarata ke nan tun farko! Da na bar shi da na'urarsa, da yanzu ana nan ana rubuce-rubuce! Illa, jawo ni! A Abija wanda ya ci wasa a kafaɗa ake ɗaukarsa!"

Illa ya tofa yawu a tafi zai kama igiya. Barira ta dafa hannunsa. Ta leƙa cikin rijiyar, can ƙasa ta hango tabarau na ƙyalli. Ta zura guga a hankali har ya sauka a kansa.

"Malam, ruwan bai taru yadda guga zai nutse ba. Sa ƙwarya ka cika mini."

"In na cika za a jawo ni?"

"Za a jawo ka, har a kafaɗa." Ta waiwaya ta dubi layin tuluna, ya miƙe ya wuce gawo, ya lanƙwasa ta bayan maƙera, ƙarshensa ba ya ganuwa. "Mu arba'in da bakwai ne kawai. Amma kada ka yi gaggawa, na ga wasu na tahowa."